Amsoshin Tambayoyinku: Ingilishi Ya Zama Harshen Duniya, Wa Ya Ci Riba, Wa Ya Yi Asara?

Yawancin wasiƙun da suka taru a kan teburina a wannan watan sun karkata ne ga magana guda, wato matsayin da Turancin Ingilishi ya samu na zama harshen da al'ummomin duniya suke haɗuwa a kansa. Na zaɓi shida daga cikinsu, na taƙaita su ba tare da na taɓa ma'anarsu ba, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba a wannan fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Malaminmu na Turanci ya gaya mana cewa Ingilishi ya mamaye duniya ne saboda ya fi sauran harsuna sauƙin koyo da yalwar kalmomi. Shin haka abin yake? Daga wani ɗalibin sakandare, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗana. Ba na son in shiga tsakaninka da malaminka, amma a wannan magana ban bi bayansa ba. Harshe bayan masu shi yake bi, inda bindigarsu da kuɗinsu da iliminsu suka kai, nan shi ma yake kaiwa. A wajajen shekarar 1600 masu magana da Ingilishi ba su wuce miliyan 7 ba, kusan dukkansu a tsibiri guda, kuma malaman Ingila su kansu ba su ɗauke shi harshen ilimi mai zurfi ba. Lokacin da Isaac Newton ya fitar da babban littafinsa a kan dokokin motsi a 1687, da Latin ya rubuta shi, domin da shi ne malaman Turai suke karanta juna a wancan zamani.

Abubuwa biyu ne suka ɗaga Ingilishi, ɗaya na bin ɗaya. Na farko daular Birtaniya, wadda a lokacin da ta cika ta batse, wajajen 1920, take riƙe da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na doron ƙasa, ta kuma kafa kotuna da ofisoshi da makarantu masu aiki da harshenta tun daga Indiya har Nijeriya. A Indiya, a 1835, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Thomas Macaulay ya ba da shawarar da gwamnati ta karɓa, cewa a janye kuɗin ilimi daga Larabci da Sanskirit a mayar da su ga Ingilishi, domin a samar da wani rukuni na 'yan ƙasa da za su zama tafintoci tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Na biyu Amurka. Daidai lokacin da daular Birtaniya take naɗe tabarmarta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai ga wata ƙasa mai magana da harshe iri ɗaya ta taso da dala da masana'antu da finafinai da jami'o'i, daga baya kuma da kwamfuta da intanet. Da a ce magajin Birtaniya wani harshe yake yi, da wataƙila Ingilishi ya bi sawun harshen Holan, wanda ya daɗe yana mulki a Indunisiya, amma masu shi suna tafiya ya bi su. Ko a fagen diflomasiyya Faransanci ne sarki har zuwa 1919, lokacin da shugabannin Amurka da Birtaniya suka sa aka rubuta yarjejeniyar Basai, ta sulhun bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da harsuna biyu, Faransanci da Ingilishi.

Maganar sauƙi kuwa, akwai ɗan abin da malaminka ya faɗa daidai, domin mai koyon Ingilishi ba ya wahalar sanin ko tebur namiji ne ko mace, kamar yadda mai koyon Hausa ko Faransanci yake yi. Amma rubutunsa bala'i ne. Kalmar da muka ara muka ce kanar, mu da kunne muka rubuta ta, shi kuwa Bature yana rubuta colonel, ya kuma furta ta da sautin da babu harafinsa a ciki. Wani bincike da aka buga a 2003, wanda ya kwatanta yaran ƙasashen Turai, ya nuna cewa yaro mai koyon karatu da Ingilishi yana cin fiye da ninki biyu na lokacin da takwaransa na Finlan ko Italiya yake ci kafin ya iya karanta kalmomi masu sauƙi. Yalwar kalmomin ma aro ce, daga Faransanci bayan Nomawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, da Latin, da Girkanci, har da Larabci. Kowane harshe aka ɗora wa aiki zai nemo kalmomin aikin.

Kuma ka tuna ba a kan Ingilishi aka fara ba. Ibn Sina Bafarise ne daga yankin Buhara, amma da Larabci ya rubuta likitancinsa, kamar yadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka rubuta littattafansu da Larabci, aka kuma yi wa jama'a waƙoƙin wa'azi da Fulatanci da Hausa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina saro yadi daga Guangzhou da Dubai. Ban yi boko mai zurfi ba, amma da ɗan guntun Turancina da na'urar lissafi nake gama ciniki da mutumin Sin da Ba'indiye. Ina jin 'yan boko suna kukan cewa Turanci ya danne harsuna, ni kuwa alheri na gani. Ko akwai abin da ban hango ba? Daga wani Alhaji, Kantin Kwari, Kano.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Alherin da ka gani gaskiya ne, kuma duk mai sukar Ingilishi da ya ƙi amincewa da shi bai yi adalci ba. An ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 ne suke iya magana da shi, alhali waɗanda suka sha shi a nono ba su kai miliyan 400 ba. Wato a cikin kowane mutum huɗu masu jin sa, kusan uku koyo suka yi kamar kai, kuma galibin cinikin da ake ƙullawa da shi a yau babu Bature ko ɗaya a wurin.

Amfanin ya wuce kasuwa. Jirgin alhazai da ya tashi daga Kano zuwa Jidda yana ratsa sararin ƙasashe masu Faransanci da masu Larabci, amma matuƙinsa da harshe ɗaya yake magana da masu ba jirage hannu a ƙasa. Tun 1951 hukumar sufurin jiragen sama ta duniya ta ba da shawarar a riƙa amfani da Ingilishi a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa, sai dai da jini aka koyi muhimmancin abin. A 1977 jirage biyu sun yi karo a filin jirgin tsibirin Tenerife, mutum 583 suka rasu, kuma cikin dalilan akwai wata jimla mai harshen damo da matuƙan jirgin Holan suka faɗa, wadda mai ba da hannu ya fahimta daban. A 1996 jirgin Saudiyya da na Kazakistan sun yi taho mu gama a sama kusa da Delhi, mutum 349 suka halaka, masu bincike kuma suka ambaci raunin Ingilishin ma'aikatan jirgin Kazakistan. Daga 2008 aka wajabta wa matuƙa da masu ba da hannu su ci jarrabawar harshen. A irin wannan wuri, samun harshe ɗaya, ko na wane ne, rahama ce.

Akwai kuma amfanin da ƙasashe masu harsuna barkatai suka fi kowa sani. Tsarin mulkin Indiya na 1950 ya tanadi cewa bayan shekara 15 harshen Hindi zai maye gurbin Ingilishi a ayyukan gwamnatin tarayya. Da wa'adin ya cika a 1965, sai mutanen kudu masu harshen Tamil suka yi bore har aka rasa rayuka, domin sun ga cewa 'yan arewa ne za su kwashe ayyukan gwamnati, dole aka bar Ingilishi a inda yake. Nijeriya mai harsuna fiye da 500 ta san wannan tsoron. Sashe na 55 na tsarin mulkin 1999 ya ce Majalisar Tarayya za ta yi aiki da Ingilishi, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, kuma har yau da Ingilishi ake zama. Amma kada a ɗauka kullum shi ne mai raba gardama: a Kamaru, yajin aikin lauyoyi da malaman makaranta na yankin masu Ingilishi a 2016, kan cusa musu alƙalai da malamai masu Faransanci, shi ne ya rikiɗe ya zama yaƙi.

Abin da ba ka hango ba, Alhaji, yana cikin takarda. Guntun Turanci yana gama ciniki, amma ranar da kwantena ta zo da kayan da ba su ka biya ba, takardar yarjejeniyar da za a duba da Turancin lauyoyi aka rubuta ta, kuma wanda ya fi iya shi ya riga ka zuwa kotu tun kafin a zauna. Ka riƙa ba wa wanda ya ƙware ya karanta maka kowane layi kafin ka sa hannu.

TAMBAYA: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce. Tun daga firamare har na kammala karatu da Turanci aka koyar da ni, amma da na nemi aiki a Ingila sai aka ce dole in biya kuɗi masu tsoka in zauna jarrabawar gwajin Turanci, sakamakon kuma shekara biyu kacal yake aiki. Wannan adalci ne? Daga wata ma'aikaciyar jinya, Kaduna.

AMSA: Malama, a gwada harshen mai jinya kafin a damƙa mata majinyaci ba laifi ba ne, domin tsohuwar da take nishi a gadon asibiti a arewacin Ingila ba da Turancin littafi za ta yi miki bayanin ciwonta ba. Inda na ga rashin daidaito shi ne wajen wanda ake gwadawa da wanda ake ɗauke wa. Jerin ƙasashen da Birtaniya ta yafe wa 'yan ƙasarsu gwajin ya ƙunshi Amurka da Ostireliya da Jamaika da Babados, amma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki, hujjar kuwa ita ce Ingilishi ba harshen uwa ba ne ga mafi yawan mutanenmu. Matasan Nijeriya sun yi gangamin neman gyara a 2022. Batun shekara biyun ne ya fi ba ni mamaki, sai ka ce harshen da mutum ya yi shekara goma sha shida yana karatu da shi madara ce da take tsami.

Wasiƙarki ta taɓo babban aibin harshen duniya idan harshen na wasu ne: kowa yana amfana, amma wahalar ɓangare ɗaya ne yake ɗauka. Yaron Landan yana kwana ya tashi da jarin da yaron Kaduna ko na Seul zai kashe shekaru da kuɗin iyayensa kafin ya samu rabinsa. Wani masanin tattalin arziki ɗan Suwizalan, François Grin, ya lissafa a 2005 cewa Birtaniya tana cin ribar aƙalla yuro biliyan 10 a shekara daga fifikon harshenta a Turai kaɗai, ta hanyar sayar da darussa da littattafai, da kuma kuɗin da ba ta kashewa wajen koyon harsunan wasu. A fagen kimiyya ma haka abin yake. Wani bincike da Tatsuya Amano da abokan aikinsa suka buga a 2023, inda suka tambayi masana muhalli 908 daga ƙasashe takwas, har da Nijeriya, ya nuna cewa wanda Ingilishi ba harshensa na farko ba ne yana iya cin ƙarin lokacin da ya kai kashi 91 cikin ɗari wajen karanta maƙala, da kashi 51 wajen rubuta ta, kuma ana mayar masa da aikinsa saboda harshe fiye da ninki biyu da rabi na yadda ake mayar wa ɗan gida. Sau nawa ke nan aka rasa ilimi mai amfani don kawai mai shi ya kasa jera jimla?

Akwai wata asarar kuma da ba zan ɓoye miki ba, ko da yake ba na zargin ki da neman halalinki. Ƙofar da Ingilishi ya buɗe mana, ƙofar fita ce. Likitan Japan da ya yi karatu da Japananci ba a ɗauke shi cikin sauƙi, amma dubban likitoci da ma'aikatan jinya na Nijeriya da Gana da Filifin, waɗanda ƙasashensu matalauta suka horar, suna asibitocin Birtaniya da Amurka a yau, harshe ne kuma ya share hanyar. Su ma masu harshen ba su tsira ba, domin sun zama malalata wajen koyon na wasu, musamman tun da Ingila ta mayar da darasin harsunan waje ganin dama ga ɗaliban da suka wuce shekara 14 a 2004.

TAMBAYA: Malam, ni shugaban makarantar firamare ne a wani ƙauye. Iyaye sun matsa mini lamba cewa a riƙa koyar da komai da Turanci tun daga aji ɗaya, in ba haka ba za su kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar kuɗi. Ni kuwa na san yaran ba sa fahimta, wasu malaman ma da ƙyar suke haɗa jimla. Mene ne shawararka? Daga wani hedimasta, ƙasar Gumel.

AMSA: Malam, wasiƙarka ce ta fi tsaya mini a rai. Da farko kada ka ga baiken iyayen. Sun san cewa yaron da bai samu kiredit a Turanci ba a jarrabawar kammala sakandare ba zai shiga jami'a ba ko da ya cinye lissafi da kimiyya, sun kuma ga waɗanda suka iya shi ne suke zaune a ofis. Abin da suke nema daidai ne, hanyar ce suka kuskure. Koyar da Turanci daban, koyarwa da Turanci daban. Yaro ɗan shekara shida da ya shigo aji bai taɓa jin harshen ba, idan ka fara masa lissafi da shi, ka ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, kuma abin da zai biyo baya ka fi ni saninsa: hadda ba fahimta, aji ya ɗauki amshi kamar na waƙa, a kai aji shida yaro bai iya karanta wasiƙa ba, ko da Hausa ko da Turanci.

An gwada wannan magana a Nijeriya, ba a wata duniya ba. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani shiri inda aka koyar da wasu yara duk darussan firamare na shekara shida da Yarabanci, aka kuma ba su Ingilishi a matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware. Da aka auna su da takwarorinsu da aka juya wa harshe a tsakiyar firamare, sai aka tarar sun fi su a yawancin darussa, kuma ko a Ingilishin kansa ba a bar su a baya ba. A Nijar ma makarantun gwaji masu fara karatu da Hausa da sauran harsunan ƙasa, waɗanda aka buɗe tun shekarun 1970, sun nuna abu mai kama da haka. Dalilin a bayyane yake: sau ɗaya ake koyon karatu. Yaron da ya gane cewa baƙi da wasali suna haɗuwa su ba da sauti a harshen da yake ji, ya riga ya riƙe mabuɗin, kuma sa'ar da muka yi ita ce rubutun boko na Hausa da na Ingilishi kusan haruffa ɗaya suke amfani da su.

Waɗanda suka yi gaggawa sun sha wuya. Malesiya ta mayar da koyar da lissafi da kimiyya zuwa Ingilishi a 2003, ta kuma sanar da janyewa a 2009 bayan ta ga yaran karkara suna faɗuwa. Ruwanda ta sauya daga Faransanci zuwa Ingilishi a 2008 alhali yawancin malamanta da Faransanci aka horar da su, ta dawo da harshen Kinyaruwanda ƙananan azuzuwa a 2011, ta sake komawa Ingilishi a 2019, yara kuwa su ne ake ta juyawa kamar waina. Mu ma rawar da muke takawa ke nan. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara firamare da harshen uwa ko na yankin, a 2022 gwamnati ta tsawaita shi zuwa shekara shida, a watan Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke tsarin, ya danganta faɗuwa jarrabawa da shi. A nawa ganin an kama wanda bai ci nanin ba. Tsarin da aka amince da shi a ƙarshen 2022, ba tare da wadatattun littattafai ko horar da malamai ba, ban ga yadda zai kayar da ɗaliban da suka bar firamare tun kafin a haife shi ba.

Ka tuna wa iyayen cewa Japan da Koriya ta Kudu da Jamus da Turkiyya da harsunansu suke koyar da yaransu kimiyya, suna kuma koyon Ingilishi a gefe, sannan Jami'ar Dimashƙa ta fi shekara ɗari tana koyar da likitanci da Larabci. A aikace kuwa, ba na ce ka saɓa wa umarnin ma'aikata ba, amma babu dokar da ta hana malami ya yi bayani da Hausa har yaro ya gane, sannan ya ba shi kalmar Turancin. Ka ware wa Ingilishi lokaci kullum tun daga aji ɗaya, da baki tukuna, ta hanyar waƙa da gaisuwa da sunayen abubuwan da ke cikin aji, ka kuma damƙa darasin ga malamin da ya fi kowa iyawa, maimakon kowa ya riƙa koya wa yara kuskurensa. Ka tabbatar sun iya karanta Hausa sosai kafin aji uku. Sannan ka kira iyaye ƙarshen zango, ka sa yaro ya karanta musu labari da Hausa, ya kuma gaishe su ya ba su amsa da Turanci. Gani ya kori ji. Abu ɗaya nake roƙonka: a daina dukan yaro ko cin sa tara don ya yi banakula. A yankin Wales na Birtaniya an taɓa rataya wa yara guntun katako a wuya don sun yi harshen iyayensu a makaranta, kuma jikokinsu har yau suna kashe kuɗi wajen farfaɗo da abin da aka kashe da bulala.

TAMBAYA: Malam, 'ya'yana uku suna jin Hausa amma da Turanci suke mayar mini. Da muka je gida hutun salla, sai da na zama tafinta tsakaninsu da kakarsu, abin ya ba ni kunya. Shin Turanci zai kashe Hausa ne? Daga wata uwa, Abuja.

AMSA: Hajiya, Hausa a dunƙule ba ta cikin haɗari, domin miliyoyin mutane ne suke kwana suke tashi da ita, ga rediyo, ga finafinai, ga kasuwa. Amma harshe gida-gida yake mutuwa, kuma daga gidajen masu hali yake farawa. A farkon ƙarni na 19 kusan rabin mutanen Ailan da harshensu na gado suke magana. Bayan yunwar da ta fara a 1845, iyaye da kansu suka riƙa hana 'ya'yansu shi, don su iya Ingilishi su samu aiki a Amurka da Ingila. A ƙidayar 2022, masu amfani da shi kullum a wajen makaranta ba su wuce 72,000 ba. A Singafo kuwa ƙidayar 2020 ta nuna cewa kusan kashi 48 cikin ɗari na mazauna ƙasar Ingilishi suka fi yi a gida, jikoki da yawa ba sa iya hira da kakanninsu, kamar dai yadda kika gani.

Abin da na fi ji wa Hausa tsoro shi ne ƙanƙancewa. Matashi ya iya raha da zagi da ita, amma da zarar an zo bayanin ciwon suga ko rancen banki ko hukuncin kotu sai ya koma Ingausa, har a wayi gari a ɗauka harshen ne ba zai iya ba, alhali masu shi ne suka daina ɗora masa kaya. Sai dai laifi tudu ne. Abin da muke zargin Ingilishi da shi, Hausa ma tana yi wa ƙananan harsunan Bauci da Filato da kudancin Kaduna, kuma harshen Ajawa na ƙasar Bauci ya ɓace tsakanin 1920 da 1940 saboda masu shi sun koma Hausa.

Maganin gidanki yana hannunki. Ku kafa doka ke da maigida cewa daga bakin ƙofa zuwa ciki Hausa ake yi, idan yaro ya tambaye ki da Turanci ki nemi ya maimaita, ba da faɗa ba, ki kuma riƙa tura su wurin kakarsu su yi makonni ba tare da ke ba. Turancinsu ba zai ragu ba, makaranta da talabijin sun ishe shi. Yaran zango a Kumasi suna tashi da Hausa da Tuwi da Ingilishi, kuma babu wanda kansa ya fashe.

TAMBAYA: Malam, a 2025 ƙasarmu Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ni Faransanci na karanta. Shin in dage in koyi Ingilishi, ko Sinanci zai ture shi, ko kuwa na'urar fassara za ta hutar da mu? Me ya hana a ƙirƙiro harshen da ba na kowa ba? Daga wani ɗalibin jami'a, Maraɗi.

AMSA: Ɗana, tambayarka ta ƙarshe an riga ka yin ta. Wani likitan ido a birnin Waso na Folan, Ludwik Zamenhof, ya fitar da harshen Esperanto a 1887, mai ƙa'idoji kaɗan marasa togaciya, don ya zama na kowa. A farkon shekarun 1920 an kai maganarsa gaban Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci, Faransa ta tsaya kai da fata ta hana, domin a lokacin harshenta ne a sama, har ta haramta koyar da shi a makarantunta a 1922. Ta tsare ƙofar gaba, Ingilishi ya shigo ta baya. Esperanto yana nan da masoyansa, amma mutane ba sa koyon harshe don adalcinsa, suna koyon wanda zai ba su aiki ne.

Sinanci ya fi Ingilishi yawan waɗanda suka sha shi a nono, kuma wanda ya koye shi a yau ba zai rasa abin yi ba, amma rubutunsa yana buƙatar haddace dubban alamomi, sannan yaran Sin ɗin kansu Ingilishi yawancinsu suke zaunawa a jarrabawar shiga jami'a. Harshen da kowa ya riga ya kashe kuɗi ya koya yana da wuyar turewa. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a 2020, amma har yau da Ingilishi ake yawancin aiki a hedikwatar Tarayyar da ke Burasel. Aljeriya ta shigar da shi firamare a 2022, a shekarar kuma Togo da Gabon, masu Faransanci, suka shiga ƙungiyar Kwamanwel ta ƙasashe rainon Ingila. Ba na cewa zai dawwama, domin Farisanci ya yi ɗaruruwan shekaru yana harshen mulki a Indiya kafin Turawa su cire shi daga kotuna a 1837, amma ban ga alamar hakan zai faru kafin ka gama neman aiki ba.

Na'urar fassara tana taimakawa, kuma tun 2013 Google Translate ya shigar da Hausa. Sai dai irin waɗannan na'urori daga tarin rubutu suke koyo, kusan rabin shafukan intanet kuwa da Ingilishi suke, na Hausa ɗan ƙalilan ne. Ga kuma matsalar rubutunmu da ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ta yadda gari na zama da gari na tuwo, ko fari na launi da fari na rashin ruwa, duk kamanninsu ɗaya a takarda. Za ta ba ka gundarin labari, amma ba zan sa hannu a kan takardar asibiti ko ta kotu da ita kaɗai ta fassara ba.

Saboda haka ka koya, kuma kai a kan gaba kake, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na kalmomin Ingilishi daga Faransanci aka aro su, don haka karatu zai zo maka da wuri, furuci ne zai ba ka wahala. Ka fara da littattafan fannin da kake karantawa a jami'a, tun da ka riga ka san abin da suke faɗa, ka haɗa da sauraron labaran rediyo na rabin awa kowace safiya bayan ka ji su da Hausa, idan an yi dogon hutu kuma ka tsallaka Katsina ka nemi ajin yamma na wata biyu.